Yadda Kyamarori Ke Auna Gudun Masu Cafe Ƙwallo A Wasan Besbol

A gasar besbol ta Amurka, MLB, masu cafe ƙwallo ne suka fi kowa nauyin ƙafa, domin a tsugune suke shafe wasa bayan mai bugu. To ta yaya ƙungiya za ta gane wanda ya iya gudu tsakanin tashoshi, kafin ta zuba masa miliyoyin daloli?

Tun 2015 aka kafa tsarin Statcast a filaye 30 na gasar, kuma daga 2020 kyamarorin Hawk-Eye ne ke bin motsin kowane ɗan wasa. Suna auna ƙafa nawa yake ci a daƙiƙarsa mafi sauri. Matsakaicin gudu ƙafa 27 ne, gwanaye na kai 30, wasu masu cafe kuwa da ƙyar suke kai 23.

Amma sauri kaɗai bai isa ba. Yadier Molina, wanda ya yi suna wajen rashin gudu, ya saci tasha sau 12 a 2012, saboda yana karantar mai jifa. Shi ya sa manazarta ke lissafa sau nawa mutum ya ƙara tasha da sau nawa aka fitar da shi. Gaggawar da ta jawo fitarwa ta fi tsayawa tsada.