Albashin Legas Da Na Sakkwato: Lissafin Da Muka Yi A Tsakar Gida A Fakku

Da na je hutun babbar sallar da ta wuce a garinmu Fakku, cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe ta Jihar Sakkwato, na tarar da wata muhawara ta raba gidanmu gida biyu. Ɗan yayata, wanda ya shafe shekara bakwai yana yawon tallar kayan wani kamfanin kayan masarufi a kasuwannin Tambuwal da Yabo da Jega, ya samu ƙarin girma zuwa muƙamin manajan tallace-tallace. Kamfanin ya ba shi zaɓi: ko ya koma hedikwata a Legas, ko ya zauna a birnin Sakkwato ya riƙe shiyyar Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Muƙamin ɗaya ne, matakin ɗaya, amma albashin Legas ya kusa ninka na Sakkwato.

Samarin gidan ba su ga abin shawara ba, har sun fara kiransa ɗan Ikko. Mahaifiyarsa ce, wadda ba ta taɓa zama a ajin boko ba, ta jefo tambayar da ta sanyaya musu jiki: "Shi wanga albashi, in an hidda kuɗɗin gida da na mota, mi ya rage?"

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma, ni da shi, muka ɗauki biro da takarda. Haya muka fara sakawa, domin ita ce ke cinye albashin Legas tun kafin ya iso hannu. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko shekara ɗayar a dunƙule ake biyanta, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga wanda ake ajiyewa saboda ɓarna. Wanda ya guje wa tsadar unguwannin da ke kusa da ofis ya nemi gida a bayan gari, abin da ya rage a haya zai biya shi a kuɗin mota da sa'o'in da zai kwashe cikin cunkoso safe da yamma. A Sakkwato kuwa gida mai ɗaki uku da fili bai fi ƙarfin manaja ba, gero da dawa daga gonar gado za su riƙa zuwa, nama da albasa kuma a nan gidansu yake. Da muka ja layi, abin da ya rage a bangarorin biyu ya yi kusa da juna fiye da yadda samarin suka zata. Na rufe biro ina ganin magana ta ƙare.

Sai ya ce, "Kawu, wannan lissafin da ka yi shi ne na kamfani. Nawa daban ne."

Ya kuwa yi gaskiya, kuma abin da ya zayyano min a daren ne ya sa na ɗauki alƙalami. Idan aka ce rayuwa ta fi sauƙi a Arewa, haya da abincin gona ake nufi. Sauran kayan da manaja ke kashe wa kuɗi, daga kayan gyaran mota zuwa magani da wayar hannu, mafi yawansu ta tashoshin jiragen ruwan Legas suke shigowa, kuɗin dakonsu kuma a kan mai saye na Sakkwato yake ƙarewa. Man fetur ya fi kowane bayyana wannan. Kwana biyu bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin da kamfanin mai na ƙasa ya fitar ya sa lita a kan Naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Tun daga lokacin farashin ya yi ta hawa da sauka, amma tsarin bai sauya ba: iya nisanka da teku, iya tsadar litarka.

Manajan Legas yana iya zagaya manyan dilolinsa ba tare da ya bar gari ba. Na Sakkwato sai ya bi hanyar Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200, gobe ya nufi Birnin Kebbi, jibi Illela a bakin iyakar Nijar. Ba sai na faɗa wa mai karatu halin da wasu hanyoyin nan suke ciki ba ta fuskar tsaro. Mu mutanen Kebbe mun san abin da ake nufi da a ce kada la'asar ta riski mutum a hanya. Babu layin da aka ware wa wannan fargaba a takardar albashi. Haka babu layin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kuma dole a nemi wutar da za ta juya fanka ko da ta janareta ce.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa a gaban baƙi. Ma'aikacin da ke Legas waya ake buga masa, yana iya cewa sai ƙarshen wata. Wanda ke Sakkwato ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Duk majinyacin da aka ɗauko daga Fakku zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gidansa ne masauki, aljihunsa ne na farko. Ba kuka nake yi da zumunci ba, ni ma da shi aka yi min karatu. Cewa nake yi nauyi ne na gaske, kuma mai tsara albashi a hedikwata bai san da shi ba.

Sannan ga kamasho. Wani kaso na samun manajan tallace-tallace yana rataye ne da cinikin da shiyyarsa ta yi. Rahoton talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sanya Jihar Sakkwato a kan gaba, da kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanenta. Wanda aka ɗora wa sayar da madara da sabulu a irin wannan kasuwa, inda ciniki ke tashi da kaka ya faɗi da bazara, wahalarsa ta fi, ladarsa ta gaza.

To, shin tsadar rayuwa ce kaɗai ta haifar da tazarar albashin? Ban yarda ba. A duba mafi ƙarancin albashi. Bayan dokar Yulin 2024 ta tsayar da shi a Naira 70,000, Legas ta sanar da 85,000, Kebbi 75,000, Kano 71,000, Sakkwato ta tsaya a 70,000. Tazarar Legas da Sakkwato a nan ba ta kai rubu'i ba. Me ya sa ta manaja ta kusa ninki? Amsar ita ce a Legas, manajan da ya ƙware yana da masu zawarci: bankuna, kamfanonin sadarwa, masana'antu birjik. In ba a riƙe shi da kyau ba, gobe wani ya ɗauke shi. A shiyyarmu, idan ka ƙirga masana'antar siminti ta Kalambaina da kamfanonin casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi da rassan bankuna, ka kusa gama lissafi. Kamfani ya san ɗan Fakku ba shi da wurin zuwa da yawa, kuma yana son zama kusa da tsohuwarsa, don haka yake taya shi da araha.

Wasu ƙasashen ba su ɓoye wannan ba. A hukumar lafiya ta Ingila, albashin mataki ɗaya ne ko'ina, sai a ɗora ƙarin kashi 20 cikin ɗari ga mai aiki a tsakiyar Landan, 15 ga na gefenta, 5 ga na kewaye, kowane da iyakarsa a rubuce. Gwamnatin tarayyar Amurka tana biyan ƙarin kuɗin yanki tun 1994, kuma ta fito fili cewa abin da sauran ma'aikatu ke biya a yankin take dubawa, ba farashin kaya ba. Ko shugaban Facebook, da ya ba ma'aikata damar aiki daga gida a 2020, ya gargaɗe su cewa wanda ya koma gari mai sauƙi za a daidaita masa albashi.

Ba na jayayya da a ƙara wa mazaunin Legas kuɗi. Hayarsa gaskiya ce. Abin da nake nema daga kamfanoninmu shi ne su raba abu biyu a takarda: ladan muƙami, wanda ya kamata ya zama ɗaya ga duk mai ɗauke da nauyi iri ɗaya, da alawus na gari, wanda za a bayyana yadda aka auna shi, a kuma sa nisan hanya da haɗarinta a ma'aunin. Dalilina fansho ne. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8, mai ɗaukarsa aiki na zuba kashi 10 na albashinsa a asusun ritaya. Manajoji biyu da suka yi aiki iri ɗaya shekara ashirin, ɗaya a Legas ɗaya a Sakkwato, suna iya dawowa su yi ritaya a unguwa ɗaya, su riƙa cefane a kasuwa ɗaya, amma asusun ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. A ranar babu sauran maganar sauƙin rayuwa da za a kafa hujja da ita. Kafin nan ma, duk kamfanin da zai ɗauki na Sakkwato aiki, takardar albashinsa ta ƙarshe zai fara tambaya.

Ɗan yayata ya zaɓi Sakkwato, amma ba da baki rufe ba. Mun rubuta wa kamfanin takarda tare, ya jera nisan kowace kasuwa da yawan tafiyarsa a wata, ya nemi a biya kuɗin mai gwargwadon kilomita, a kuma daidaita ainihin albashinsa da na takwaransa na hedikwata. Sun amince da ta farko, sun ce ta biyu sai an zauna a ƙarshen shekara. Ranar da zai koma, mahaifiyarsa ta sa aka ɗora masa buhun gero biyu a bayan mota, tare da yara biyu na maƙwabta da za su zauna a gidansa su yi makaranta.