Bayani A Kan Salansar Mota Da Abin Da Ɓacinta Ke Jawo Wa Inji

 Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wannan fili, yau maganarmu ta sauka daga kan buzu ta shiga ƙarƙashin mota. Kada wani ya ce ina ruwan malamin allo da salansa, ga dalili.

Cikin hunturun shekarar 2024 na ɗauki yara huɗu daga makarantarmu a tsohuwar motata, za ni kai su ganin gida. Sanyi ya sa muka rufe gilasai duka. Motar kuwa ta daɗe tana wani gurnani daga ƙarƙashi, ni ko na ɗauke shi tamkar tarin dattijo, abin da ba ya hana zuwa masallaci. Ba mu yi tafiyar sa'a guda ba sai na ji tilawar yaran ta mutu. Da na waiga, biyu sun yi laƙwas, ɗaya ya dafe kai, ƙaraminsu ya yi amai. Ni ma kaina yana sarawa. Na tsaya na fitar da su cikin iska, sa'an nan muka nufi asibiti mafi kusa. Allah ya kiyaye. A can aka gaya mini hayaƙin motar muka yi ta shaƙa. 'Ya'yan mutane ne, amana ce a wuyana, saura kaɗan in rasa abin da zan faɗa wa iyayensu.

Da na komo sai na tafi wurin wani almajirina da ya sauke a hannuna, yau shi ne mai gareji. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar, jim kaɗan ya fito ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai ba ƙara kaɗai ta ke yi ba, mai ma ta ke sha muku." Na ce, "Ɗana, yau ni ne ɗalibi, biya mini." Abin da ya biya mini, da abin da na ƙara bincikawa daga baya, shi ne na ke rubuta muku.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, inji abu ne mai numfashi. Fistin yana sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ƙyasta wuta ta tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan tsari na motsi huɗu wani Bajamushe ne, Nikolaus Otto, ya daidaita shi a shekarar 1876, har yau kuwa a kansa motocin fetur su ke tafiya. Salansa ita ce hanyar motsi na huɗu. A bakin jama'a duk bututun nan daga inji har wutsiyar mota sunansa salansa, amma gaɓoɓi gare shi. Akwai manifol da ke manne a jikin inji yana tattara hayaƙi, a motoci da yawa akwai guntun bututu mai saƙar waya wanda ke shanye girgiza, akwai tukunyar tace hayaƙi, can baya kuma tukunyar kashe ƙara.

Illar da ke samun wannan hanya iri biyu ce, ko ta ɓule ko ta toshe. A wajen ɓulewa akwai mas'ala mai kyau, domin hukuncin rami yana sāɓawa gwargwadon inda ya ke. In a tukunyar baya ne, galibi ƙara ce za ta dame ka, inji bai cika kula ba. In kuwa kusa da inji ne, to magana ta girma. Motocin da ba su da kafireto suna da wata 'yar na'ura a ɗaure jikin bututu, kanikawa suna ce mata sansa. Kamfanin Bosch ne ya ƙera ta, aka fara sa ta a motar Volvo a shekarar 1976. Aikinta ta auna iskar da ta rage cikin hayaƙi, ta kai wa ƙwaƙwalwar mota labari, ita kuma ta ƙara fetur ko ta rage, don a tsaya kan mizani, watau kimanin kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. To, hayaƙi ba ya kwarara kamar ruwan famfo, bugu-bugu ya ke fita, tsakanin bugu da bugu sai ramin ya zuƙo iska daga waje. Sansa ta ga iska ta yi yawa, ta je ta ba da shaida cewa fetur ya yi kaɗan. Ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna mata ta faɗa, amma alƙali ya yanke hukunci a kan shaidar da aka gurɓata, ya yi ta zuba mai. Sai ka ga filogi sun yi baƙi, mota tana rawa in an tsaya, tanki yana ƙarewa da wuri. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, ba wanda ya ke bukatar a gaya masa darajar lita guda. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba su da wannan shaida, saboda haka rami bai ruɗa su haka. Shi ya sa dattijon direba zai rantse maka ɓular salansa ba ta shan mai. A zamaninsa ya yi gaskiya.

Toshewa ta fi saurin bayyana. Ka sa yaro ya ja dogon baƙi alhali ka rufe masa baki da tafin hannu, ka ga inda zai kai. Hayaƙin da bai sami hanya ba yana zama cikin inji ya hana sabuwar iska shiga. Mota za ta tashi lafiya, amma in ka taka totur sai ta yi nauyi, in ta ga tudu ta kasa, inji ya yi zafi, wani lokaci ta mutu a hanya. Sababinsa ko bututu ya lotse don dukan dutse da tudun nan da a ke yi a titi, musamman in an labta kaya mota ta zauna, ko faifan da ke cikin tukunyar baya sun ruɓe sun faɗo, ko tukunyar tacewa ta narke.

Wannan tukunya ita ce kanikawan ƙasar nan su ke kira indomi, don cikinta ya yi kama da taliyar. Yumɓu ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke juyar da mafi yawan gubar hayaƙi ta zama abin da bai kai ta cutarwa ba. A Amurka tun motocin shekarar 1975 ta zama ruwan dare. Ba ta cika mutuwa don kanta ba, kashe ta a ke yi. Filogin da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen fetur ya je ya ƙone a cikinta har yumɓun ya narke, injin da ke shan baƙin mai kuma yana liƙe ramukan. Wanda ya sayi wata bai gyara sababin ba, ya sayi abincin wuta.

Amma gubar da ta kusa halaka yarana sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce dai ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da barci mai nauyi. Fatake, ku saurara da kyau a nan. In kun cika but da kaya har ya ƙi rufuwa kuka ɗaure shi da igiya, iskar bayan mota tana jawo hayaƙi ta mayar da shi ciki, ko da salansa lafiyayya ce, balle mai rami. Haka wanda ya ke kwana cikin mota a tasha inji yana aiki.

Gane inda ciwon ya ke ba ya cin kuɗi. Da safe kafin inji ya yi zafi, ka tayar da shi a fili, ba cikin rufaffen wuri ba, ka kasa kunne. In ka ji tas-tas-tas daga gaba, tana raguwa in ƙarfe ya ɗumama, to manifol ya tsage ko gaskit ɗinsa ya ƙone. Ka duba mahaɗan bututu, inda ka ga baƙin toka nan ne ƙofar. Wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, ramin zai yi huci ya tona kansa. In mota ta huce ka ƙwanƙwasa tukwanen, wadda ta yi ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, cikinta ya farfashe. In ana zargin toshewa, bakanike ya kan kwance sansar gaba ko ya sassauta mahaɗi na ɗan gwaji, in ƙarfi ya dawo an kama ɓarawo.

Wajen gyara, a fara daga mai araha. Sau da yawa asalin ɓarnar robar nan ce da ke rataye da bututu, ta tsinke, nauyi ya koma kan mahaɗi har ya tsage. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, haka gaskit. Ƙaramin rami a kan shafe shi da maganin liƙi mai jure zafi, ko a naɗe shi da gwangwani a matse da ƙarfe. Wannan taimama ce, tana isar da kai gida, in an sami ruwa ta ɓaci. Ruwan kuwa shi ne walda. In ƙarfen da ke kewaye da ramin yana da kauri, mai walda zai rufe shi ya daɗe. In tsatsa ta cinye shi ya zama kamar takarda, kada ka yarda a yi ta ɗora walda bisa walda, a yanke gaɓar a sa wani bututu daidai faɗinsa, gama mai ƙunci ma toshewa ne. Motocin da a ke shigo da su daga ƙasashen sanyi su kan zo da wannan tsatsa, domin can gishiri a ke watsa wa hanya don ƙanƙara. Mai gajerun tafiye-tafiye kuma tasa daga ciki ta ke ruɓewa, saboda ƙonewar fetur tana haifar da ruwa, wanda ba ya ƙafewa sai bututu ya yi zafi sosai. In waldar lantarki za a yi, ka ce a cire kan batir tukuna don kada ƙwaƙwalwar mota ta ƙone, a kuma kula da tankin mai da ke kusa. Tukunyar baya akwai ta hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, akwai kuma wadda maƙeranmu su ke naɗawa da kansu. Ka girgiza ta hannu kafin ka biya, ka ɗauki mai nauyi.

Saura maganar indomi, inda ni da almajirina muka yi jayayya. Shi yana ganin in ta toshe, mai mota kuma ba shi da hali, a fasa cikin a zubar mota ta sha iska. Lalle za ta sha, ban musa ba. Amma gubar za ta fita ɗanya a fuskar mai talla da ɗan acaɓa da ke bayanka, fitilar gargaɗi ta inji kuma za ta kama ta zauna, ran da wata sabuwar cuta ta zo ba ta da bakin gaya maka. A ganina wanda ya iya sayen ta hannu mai kyau ya saya. Abin da ba jayayya a cikinsa shi ne, bakaniken da ya ƙwaƙule ta ya sayar don ƙarafan nan ba da sanin mai mota ba, ya ci amana, kuɗin haram ne. Dillali kuma da ya san an cire ta, ko ya liƙe rami don a yi ciniki, wajibi ne ya bayyana, mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye. Babin ciniki na Risala da Muhtasar sun ishe mu a kan wannan. Mai hankali ya tsaya a kan motarsa in za a taɓa ƙarƙashinta, in an canja wani abu ya karɓi tsohon.

Tawa dai an samu bututun saƙar waya ya yage daidai ƙarƙashin ƙafar direba, hayaƙin yana bi ta wata ɓula da tsatsa ta yi a daɓen motar, gaskit ɗin manifol kuma ya ƙone. Aka sa sabon bututu da gaskit, aka liƙe daɓen, aka canja robobi biyu da filogi huɗu, duka tsakanin azahar da la'asar. Yaron ya ƙi karɓar ladan hannunsa, sai kuɗin kaya. Ƙaramin nan da ya yi amai kuwa ya shiga izu na goma, amma har yau in zai shiga motar sai ya fara sauke gilashi.