Tsohuwar Bindiga a Ƙasar Gumel: Kuɗinta Nawa, Kuma Wa Ke Biya?

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis ya san ba a sayen sa da ka. Sai an buɗe masa baki an duba haƙora, an kora shi an ga tafiyarsa, an tambayi dillali mai shi da garin da ya fito, don kada gobe wani ya zo ya ce nasa ne aka sace. Abin mamaki, mutumin da ya yi duk wannan bin diddigi a kan dabba, shi ne za a kawo wa bindiga naɗe cikin buhu bayan sallar isha'i, a ce masa, "Alhaji, ta Ingila ce, tun ta zamanin Turawa, mai ita kuɗi yake nema ido rufe," ya shafa ƙotarta, ya ji sulɓi, ya ƙirga kuɗi ya miƙa.

Irin wannan ciniki ya fi tashi da kaka. An girbe gero, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi sun shigo aljihu a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ga rani na tafe da farautarsa. Wani kuma ba farauta ce ta dame shi ba, tsoron ɓarayin dabbobi ne, ko an sa shi cikin 'yan sintirin unguwa. Bindigogin da ke yawo iri uku ne galibi. Akwai ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta 'yan bindigar hawan sallah. Akwai ta bature mai baki ɗaya ko biyu da ake karyawa a sa harsashi, cikinsu har da Baikal ta Rasha, wadda maharban Afirka ta Yamma suka daɗe da sani. Sai kuma kwaikwayonta da ake ƙerawa a ɓoye, wani lokaci har da sunan kamfanin waje da aka buga mata don ta yi kuɗi.

To, yaya ake sanin darajar tsohuwar bindiga? Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa a wannan lissafi su ne masu wasan harbin faifai. Wasa ne da ake cilla ɗan faifai mai faɗin santimita 11 sama da na'ura, maharbi ya tarwatsa shi kafin ya faɗo. Asalinsa tattabaru masu rai ake saki ana harbewa, daga baya wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky ya fito da faifan yumɓu wajen 1880. Wasan ya shiga gasar Olamfik tun 1900 a Faris, kuma Larabawan yankin Gulf sun yi suna a cikinsa: Sheikh Ahmed Al Maktoum na Dubai ya ci zinare a Atina a 2004, Fehaid Al-Deehani ɗan Kuwait ya ci nasa a Rio a 2016. Maharbin da ya ɗauki wasan da gaske yakan harba dubban harsasai a shekara, abin da mafarauci ba zai harba ba tsawon rayuwarsa. Saboda haka idan zai sayi bindigar hannu, ba ya yarda da bakin mai sayarwa. Awo yake yi.

Suna yana da tasiri, babu musu. Kamfanin Beretta na Italiya yana lissafa tarihinsa daga 1526, Purdey na Landan daga 1814, Holland & Holland daga 1835. Sabuwar Purdey ta haura fam dubu 100. Amma a ƙasar ta Ingila, tsohuwar bindiga mai baki biyu ƙirar Birmingham, irin wadda aka ƙera da yawa don manoma da ma'aikatan mulkin mallaka, takan tafi a gwanjo a kan 'yan ɗaruruwan fam, wata ma ba ta kai ba. Wato kalmar "ta Ingila ce" ita kaɗai ba ta ƙara wa bindiga ko kwabo.

Abin da ke riƙe farashi a can shi ne hatimin gwaji. Akwai gidan gwajin bindigogi a Landan tun 1637, da wani a Birmingham tun 1813. Kowace bindiga sai an ɗura mata harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi an harba, in ta jure a buga mata hatimi a ƙarƙashin bututu, tare da faɗin raminta da tsawon harsashin da za ta iya ɗauka. Idan daga baya tsatsa ta ci ta, ko wani ya goge cikin bututun har ramin ya faɗaɗa fiye da ƙa'ida, ta fita daga gwaji, kuma sayar da ita a haka laifi ne a dokarsu, komai sunan wanda ya ƙera ta.

Ga yadda gwanin gyara yake yi idan aka ajiye masa irinta a kan tebur. Da farko zai karya ta ya tabbatar babu harsashi. Zai cire bututun ya ɗaga shi saitin haske, ya leƙa ta baya, yana juya shi sannu a hankali. Lafiyayyen rami yana nuna zobba na haske a jere, daidai wa daida. Inda zobe ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi a wurin. Ƙananan ɗigo baƙaƙe kuwa ramukan tsatsa ne, kuma ido ba ya sanin zurfinsu. Daga nan sai ya rataye bututun a ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da farce ko alƙalami. In ya yi amo mai tsawo, haɗin bututun biyu yana nan daram. In ya yi ƙara a dushe, dalmar da ta riƙe su ta fara saki, ƙila ruwa ya shiga tsakani yana cin ƙarfe a ɓoye. Sai ya ɗauko ma'auni ya auna kaurin bangon bututun. Masu wannan sana'a a Ingila ba sa son ya gaza kimanin rabin milimita a inda ya fi siranta. Bayan ya mayar da ita, zai cire katakon gaba ya girgiza ta ya ji ko tana ƙwas-ƙwas, ya ɗaga ta ya ga ko haske na ratsawa tsakanin gindin bututu da jikin bindiga. A ƙarshe ya duba wuyan ƙota, inda tsagewa ke ɓuya, musamman in katakon ya sha mai ya yi baƙi.

Kowane aibi da ya gano, kuɗin gyaransa ake cirewa daga farashi, kuma sau da yawa gyaran ya fi bindigar tsada. Wani abin lura kuma: sabon fenti ba alheri ba ne. Tsohuwar da aka bari da kamanninta na asali ta fi wadda aka kankare aka yi wa kwalliya daraja, don kwalliya takan rufe walda.

Yanzu a dawo zauren da ake cinikin dare a Gumel ko Maigatari. Babu ma'auni, babu hatimin da mai saye zai iya karantawa, babu wanda zai ce ga adadin hannun da ta bi. Ƙurar hunturu ta shiga, damshin damina ya zauna a ciki shekara da shekaru, an rataye ta a bango ko an binne ta a rumbu. Haɗari mafi girma yana wajen harsashi. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba 12 an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, alhali na yanzu 70 ne ko 76. Dogon yakan shiga ya zauna lafiya lau, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma da an harba, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsin ya ƙaru a kan tsohon ƙarfe. Akwai kuma waɗanda bututunsu ke da zane kamar igiyar ruwa, waɗanda aka murɗa ƙarfe aka naɗe aka ƙera a ƙarni na 19. Kyawunsu na ɗaukar ido, dillali zai ce ai alama ce ta asali, amma yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, ba don na zamani ba. Haka ita ma ta toka: wanda ya farke harsashin bature ya juye mata albarushinsa, ko ya manta ya ɗura sau biyu, ya ɗora bam ne a kafaɗarsa. Ita kuwa ta ƙirar ɓoye da aka yi da bututun ruwa, ƙarfen yana da ɗinki tun daga masana'anta, kuma ba a yi shi don ɗaukar wuta ba. Idan bututu ya fashe, hannun hagu da ke tallafe da shi ne yake fara tafiya, sai ido. Ɗan tsumma ko gidan zanzaro a cikin rami ma ya isa ya jawo hakan.

A ce ma bindigar ƙalau take. Saura takarda, kuma a nan ne lissafin kuɗin ke rushewa gaba ɗaya.

Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Na biyu su ne na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na toka, waɗanda al'amarinsu ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutane da yawa ba su san cewa bindigar da ake zuge wa hannu gaba da baya ta ɗora harsashi, wadda ake kira fam-akshin, dokar ta cire ta daga kashi na biyu ba, duk da cewa harsashinsu ɗaya da mai baki biyu. Irinta ce jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas a watan Janairun 2017, kuma kafin shekarar ta ƙare adadin ya kai 2,671.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Riƙe ta kashi na farko ba izini, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ta kashi na biyu, har zuwa shekara 5. Ƙera bindiga ba izini shi ma aƙalla shekara 10 ne. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Dokar ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka wuce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton lasisi yana bin bindiga. Mai sayarwa zai fito da tsohon littafi da ya yi ja, ya ce, "Ga takardarta nan, Malam, ba ka da matsala." Takardar tasa ce, da sunansa da lambar wannan bindiga, ba ta wuce shi ba. Dokar ta hana sayarwa ko miƙa bindiga ga wanda bai nuna nasa izinin ba, kuma dillancinta sai wanda aka yi wa rajista. Sannan a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Saboda haka duk wanda ya ce zai "samo takarda" a kan wani kuɗi, a je hedikwatar 'yan sanda ta Dutse a tambaya kafin a ba shi sisi.

Gado ma haka yake, kuma wannan ya shafi gidaje da dama a masarautar Gumel inda kaka ya yi aikin En'e ko ya yi farauta da lasisi. Idan mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe bindigar. Bayan nan, in ba su sami izini da sunansu ba, ko ba su miƙa ta ga hukuma ba, suna riƙe da ita ne ba bisa doka ba, ko da kuwa an rubuta ta cikin kason wani a rabon gado.

Zaman iyaka yana ƙara wa lamarin nauyi. Daga Maigatari taki kaɗan ne mutum ya shiga jihar Damagaram ta Nijar, dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Amma takardar da aka bayar a can ba ta aiki a nan, kuma dokar Nijeriya ta ƙayyade mashigai na musamman da ake shigo da makami ta cikinsu da izini. Ratsawa da shi ta hanyar jaki laifi ne mai zaman kansa. Tun bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, hukumomi kuma suka ƙara sa ido. An kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, aka ƙarfafa ta da doka a 2024. Bindigar da aka goge wa lamba kuwa, ba don ado aka goge ba. Wanda aka kama da ita shi zai amsa tambayar abin da ta aikata kafin ta zo hannunsa.

Ko mai gaskiya ma yana cikin haɗari idan ya yi tafiya da makami a wannan zamani na zargi. A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu mafarauta 16, yawancinsu 'yan jihar Kano, suna dawowa gida daga Fatakwal don yin sallah, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka, gungun mutane suka kashe su. Zalunci ne tsantsa, babu abin da zai halatta shi. Amma matasan ƙasar Gumel da ke tafiya kudu cin rani ko aikin gadi ya kamata su san yadda ake kallon buhun da bututu ya leƙo daga cikinsa.

Wanda yake da tsohuwar bindiga a gida, ta gado ce ko ta saye, kada ya gwada ta don ya ji ko tana tashi, kada kuma ya kai wa mai walda. Ta toka takan zauna da ɗuri a ciki shekaru ba wanda ya sani, don haka a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, a kulle ta inda yara ba sa kaiwa, harsashi kuma a wani wuri daban. Sannan ya sami mai unguwa ko dagaci, in maharbi ne ya haɗa da Sarkin Baka, su fara zuwa wurin babban jami'in 'yan sanda na ƙaramar hukumarsu, Gumel ce ko Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, su yi bayani kafin a ɗauko ta. In an karɓe ta, ya nemi shaidar karɓa a rubuce, mai ɗauke da kwanan wata, ƙirar bindigar da lambarta.