Idan cajin mota ya ƙare a tsakiyar daji fa?

Duk mai riƙe waya ya san yadda gaba ke faɗuwa idan caji ya koma kashi 5, ga shi ba a kawo wuta ba. To ku ƙaddara ba waya ba ce, mota ce ɗauke da iyali, dare ya kusa, gari na gaba kuma da sauran tafiya. Wannan fargaba ta ƙarewar caji tana cikin manyan dalilan da ke sa mutane ɗari-ɗari da motar lantarki.

Bari mu buga lissafin da direba ke bugawa. Ana auna abin da batir ke ɗauka da kWh, wato irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida. Hyundai Kona, motar lantarkin da aka harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a Abuja a 2021, batirinta na ɗaukar yunit 64. A takarda tana yin kimanin kilomita 480 da caji guda. Daga Kano zuwa Abuja kuwa tafiyar kilomita 400 ce ko sama da haka kaɗan. Ke nan za ta kai?

Ba lalle ba ne. Waccan 480 ɗin an same ta ne a gwaji. A kan titi, gudu na cin wuta sosai, domin mota na ƙara sauri iska na ƙara tokare ta. Na'urar sanyaya mota na ɗibar rabonta, haka kaya masu nauyi da hawan tudu. Idan motar na shan yunit 15 a kowace kilomita 100, raba 64 da 15, za ku samu kusan kilomita 425. Idan gudu ya kai shan ga yunit 20, saura 320. Wannan direban sai ya nemi wurin caji kafin ya ga Dutsen Zuma.

Sanyi ma abokin gaba ne. A watan Janairun 2024, lokacin da muku-mukun sanyi ya sauka a birnin Chicago na Amurka, an ga motocin lantarki jere a tashoshin caji, wasu batirinsu ya mutu suna kan layi. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri.

Sai batun lokaci. Shan fetur minti biyar ne. Cika batirin Kona da cajar bango ta gida kuwa na cin fiye da awa tara. Caja mai sauri ta bakin hanya na kai shi kashi 80 cikin kimanin awa guda. Daga nan cajin sai ya riƙa tafiyar hawainiya don kada batir ya lalace, kamar mai ɗura ruwa a kwalba da ke sassauta hannu idan ta kusa cika. Shi ya sa masu doguwar tafiya ke tsayawa a 80, su ci abinci, su kama hanya, su sake tsayawa a gaba.

Akwai ɗan arewa a cikin wannan labari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. An ƙera ta ne don kashe wannan fargaba: batir ya kai ka kimanin kilomita 55, sannan ƙaramin injin fetur ya tashi ya ci gaba da samar da wuta. Bayan ya dawo gida ya shugabanci hukumar NADDC, wadda ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021.

Tasha ɗaya dai ba ta raba direba da zulumi. A Norway, inda kusan motoci tara cikin goma da aka saya sababbi a 2024 na lantarki ne zalla, sai da aka jera cajoji a manyan hanyoyi. A nan, inda wutar gida ma ta zama sai an sa'a, da sauran rina a kaba.

Amma motar fetur ma ta bi ta nan. A 1888 Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta kilomita 106 daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, babu gidan mai ko ɗaya a hanya. Da manta ya ƙare, a kantin magani ta saya. Gidajen mai daga baya suka biyo. Tashoshin cajin hanyar Kano zuwa Maiduguri ma wasu ne za su lissafa girman farantan sola da batiran da suke bukata, kuma lissafin bai wuce raba 64 da 15 a mafari ba.