Alƙali George Wythe da shaidar da kotu ta ƙi ji

Yau shirinmu zai kai mu jihar Virginia ta Amurka, birnin Richmond, wata safiyar Lahadi a watan Mayu na 1806.

A ranar ne wani dattijo ɗan kimanin shekara 80, Alƙali George Wythe, ya sha kofi kamar yadda ya saba, bai jima ba ciwon ciki ya murɗe shi. Kukun gidan, Lydia Broadnax, da wani yaro mai suna Michael Brown, su ma suka kwanta.

Wythe ba ƙaramin mutum ba ne. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776, kuma a 1779 ya zama farfesan shari'a na farko a ƙasar, a Kwalejin William da Mary. Thomas Jefferson almajirinsa ne. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda ya 'yanta bayinsa, har da Lydia, sannan a shari'ar wata mata, Jackey Wright, ya yanke hukunci cewa kowane ɗan Adam an haife shi ne da 'yanci, mai da'awar mallakar bawa shi zai kawo hujja. Kotun ɗaukaka ƙara ta saki matar bisa asalinta na 'yan asalin ƙasar, ta yi watsi da hujjar Wythe.

Game da ciwon da ya kwantar da su kuwa, zargi ya faɗa kan jikan 'yar'uwar Wythe, George Sweeney, matashin da bashin caca ya yi wa katutu, wanda ya san yana da gado. An samu gubar arsenik. Michael ya riga mu gidan gaskiya. Dattijon ya yi mako biyu yana jinya, ya kira a gyara wasiyya, ya cire Sweeney, ya rasu ranar 8 ga Yuni.

Lydia ta warke, kuma ta faɗi abin da idonta ya gani a madafa. Sai dai dokar Virginia ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata, don haka ba a ko kira ta gaban masu yanke hukunci ba. Aka wanke Sweeney daga laifin kisa. Littattafan alƙalin kuwa, bisa wasiyyarsa, aka kai wa Jefferson, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa.