Haske Mai Tsananin Ƙarfi da Halin Ƙwayoyinsa

Da tsakar rana ta bazara a ƙasar Kebbe ko Tambuwal, hasken da ke sauka bisa fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ya kan kai wajen wat 1,000. Mu dai muna ganin babu hasken da ya fi wannan, amma a wurin masana raunana ne ƙwarai. Ya kamata malamai su san dalili, gama dokokin da a ke koya wa almajirai game da haske dokokin raunanan haske ne.

Cikin 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske tafe ya ke ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana ce mata foton, ƙarfinta kuwa ga launinta ya rataya. Saboda haka jan haske ba ya fizge ilektaron daga jikin tutiya, ko da an ƙara shi. Misalinsa yaro ne da ke jifar goriba da tsakuwa ɗai-ɗai: ko ya wuni ba ta faɗowa.

To, in tsakuwa da yawa suka same ta a lokaci guda fa? Maria Goeppert-Mayer ta nuna a lissafi cikin 1931 cewa zarra na iya haɗiye foton biyu tare, sai dai babu fitilar da ta isa a gwada, har Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko cikin 1960. Shekara guda bayan haka Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka haska jan leza cikin wani dutse mai sheƙi, sai ga hasken da ido ba ya gani ya fito, watau foton biyu sun haɗu sun zama ɗaya.

Amma fa haske in ya tsananta ya kan fasa na'urar da ke ƙarfafa shi. Cikin 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou suka warware wannan a Rochester ta Amurka: a miƙe walƙiyar hasken ta yi tsawo, a ƙarfafa ta, sa'an nan a matse ta. Wannan ya jawo musu kyautar Nobel cikin 2018, da irin wannan leza kuma a ke yi wa mutane aikin gyaran ido.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne haske na iya rikiɗa ya zama jiki. Breit da Wheeler sun faɗi haka cikin 1934. Cikin 1997 kuwa a Stanford aka karo leza da ilektaron masu tsananin gudu, aka sami ilektaron da kishiyarsa, fositaron, daga karon foton da foton.

Saboda haka in malami ya ce haske na ratsa haske ba ya taɓa shi, sai ya ƙara da cewa wannan halin hasken rana ne da na fitila, in ƙarfi ya kai matuƙa hukuncin ya kan sāke.