Yadda Ake Kwashe Bayanai Masu Yawa Daga Wannan Rumbu Zuwa Wancan

Duk wanda yake da ajiya a banki, ko layin tarho, ko katin asibiti, to, sunansa yana zaune a cikin wata kwamfuta da bai taɓa gani ba. Kuma sunan nan yakan yi ƙaura. A shekarar 2021 lambar Ghana Card ta zama lambar biyan haraji a nan Ghana, a cikin shekarar kuma hukumar SSNIT ta soma haɗa lambobin ma'aikata da ita. Irin wannan aiki yakan sa a ɗebi bayanan mutane masu ɗimbin yawa daga wani ma'aji a kai wani, kuma a kan lokaci.

Ma'ajin nan shi ake kira rumbun bayanai. Kamar rijistar makaranta yake, kowane layi mutum guda, da sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kwashe layi ɗaya bayan ɗaya: inji na farko ya aika, na biyu ya karɓa, ya duba, ya rubuta a faifai, sa'an nan ya aiko da amsa cewa ya shiga. To, mu yi lissafi. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana miliyan 30.8 ne. A ɗauka kowane suna zai ci kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Sai an kwana uku da rabi inji bai huta ba, alhali kuwa yawancin lokacin a wajen jiran amsa ya tafi.

Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja zuwa Kano ba su taɓa kai shi ƙwaya-ƙwaya ba, huhu suke ɗaurewa. Dabara ta farko ke nan. A zube bayanan duka a cikin fayil guda, a ɗauke shi gaba ɗaya, a juye a sabon rumbu. Kowane babban rumbu yana da ƙofar lodi ta musamman domin haka: a PostgreSQL ana kiranta COPY, a MySQL LOAD DATA, a SQL Server bcp, Oracle kuma yana da SQL*Loader. Aikin da zai ci kwanaki yakan koma na mintoci ko sa'a guda. Akan kuma matse fayil ɗin ya rage nauyi, ko a yayyanka shi injuna da dama su yi lodi lokaci guda.

Dabara ta biyu ta shafi fihirisa, watau jerin da yake taimaka wa kwamfuta ta gano suna ba tare da ta karanta rumbun duka ba. Duk layin da ya shigo sai an gyara fihirisa dominsa, in fihirisa biyar ne, gyara biyar. Malamin aji ya san wannan wahala, shi ya sa a farkon shekara yake bari yara su gama zuwa kafin ya jera sunayensu bisa abacada. Haka masana suke yi, su sauke fihirisa, su yi lodi, su sake gina ta sau ɗaya. Sau da yawa har ƙa'idojin da suke tsaron ƙofa, masu tantance kowane layi kafin ya shiga, akan dakatar da su sai an gama.

Idan rumbunan biyu suna nesa da juna kuwa, sai waya ta zama ita ce matsala. Terabayit guda, wato abin da faifai ƙarami mai shiga aljihu yake ɗauka, zai ci fiye da kwana 9 a layin intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa. Wanda ya kwafe shi a faifai ya shiga mota daga Kumasi zai sauka Accra a ranar. Wannan ba dabarar matalauta ba ce kaɗai. A watan Afrilun 2017 masana taurari suka haɗa manyan madubai 8 a sassan duniya domin ɗaukar hoton abin da ake kira baƙin rami a sararin samaniya. Bayanan da suka tara sun kai wajen petabayit 5, kowane petabayit kuwa terabayit 1,000 ne. A jirgin sama aka kai faya-fayan Amurka da Jamus, na ƙuryar kudancin duniya ma sai da suka jira sanyin can ya wuce, jirgi ya iya sauka. Hoton bai fito ba sai ran 10 ga Afrilu, 2019. Kamfanin Amazon har tirela ya fito da ita a 2016, mai suna Snowmobile, wadda take ɗaukar petabayit 100, ya kuma daina aikin a 2024.

Amma banki ba ya rufe ƙofa mako guda don ana ƙaura. Saboda haka akan kwashe babban kaso tun ana aiki, sa'an nan a riƙa bin littafin da rumbu yake rubuta kowane canji, ana aika sabon abin da ya faru kawai, har ran da za a juya akala. Ranar nan ita ce mai haɗari. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan masu ajiyarsa fiye da miliyan 5 a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa, amma sabon gidan bai shirya ba. Mutane da yawa suka kasa taɓa kuɗinsu, waɗansu ma suka buɗe suka ga asusun wani. Shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, a 2022 kuma hukuma ta ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

A ganina, inda abin ya fi shafarmu mu mutanen zango shi ne wajen suna. Inji mai sauri ba ya tsayawa tambaya. Mutum guda yana iya zama Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a banki, Mahamadu a wurin aiki, kuma a wajen kwamfuta mutum uku ne. Ranar haihuwa 3/4 a tsarin Ingila 3 ga Afrilu ce, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan koma alamar tambaya idan sabon rumbu bai san su ba. Layin da ya ƙi shiga yakan faɗa wani fayil na daban, a nan zai zauna sai wani ma'aikaci ya buɗe ya gyara da hannu. Ma'aikatan kirki sukan ƙirga layukan da suka tashi da waɗanda suka sauka, sai dai ƙirga ba ta nuna sunan da ya gurɓace a hanya.

Don haka duk wanda ya ji an ce bankinsa ko hukumar fanshonsa ta canja tsari, ya je ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa. Ya riƙe katinsa a hannu ya gwada abu uku: yadda aka rubuta sunan harafi-harafi, wanne aka sa a gaba tsakanin nasa da na mahaifinsa, da kuma rana da watan haihuwa.